Daga Jidda Zuwa Kano a Tsakar Gida: Yadda Za a Koya wa 'Ya'yanmu na Saudiyya Nahiyar Afirka

Yaron da aka haifa a Misfala ko Hindawiyya a Makka, ko a kudancin Jidda, tun yana firamare yake iya jero yankunan Saudiyya 13. Amma a tambaye shi tsakanin Nijar da Najeriya wacce ke arewa, ko ina Katsina take, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce "can Afirka", kamar Afirka unguwa ce guda. Makaranta ba ta yi laifi ba, kowace ƙasa da labarin kanta take farawa. Wannan aiki na gida ne, kuma uwa ko uba ko yayan da ya ɗan yi boko zai iya shi ba tare da an sayi wani littafi mai tsada ba.

Shawarata tun daga farko ita ce kada a fara da haddar ƙasashe 54 da manyan biranensu. Yaro zai haddace, don yaranmu gwanayen hadda ne, amma bayan wata guda ba abin da zai saura. A fara da inda ƙafarsa take tsaye, a bi hanyar da kakanninsa suka biyo, sannan a rataya sauran nahiyar a jikin wannan hanya. Tsarin ya dace da 'yan shekara 6 zuwa 13. Rabin awa a mako ya isa, daren Juma'a ko na Asabar bayan Isha, lokacin da zafi ya sauka. Kayan aiki kuwa: alli, igiya mai tsawo, faranti babba, yashi, tsakuwa, kwali, da taswira ɗaya ta kirki, ko ta takarda ko ta cikin waya.

Mataki na farko: girman nahiyar

A sami fili mai tayil, falo ko tsakar gida ko saman bene. A yi yarjejeniya da yaran cewa kowane tayil kilomita 1,000 ne. Daga ƙurewar arewa a Tunisiya zuwa ƙurewar kudu a Afirka ta Kudu wajen kilomita 8,000 ne, wato tayil takwas. Daga Dakar a yamma zuwa ƙahon Somaliya a gabas ya ɗan haura tayil bakwai. A sa tsakuwa a waɗannan wurare huɗu, a ja layi a tsakiya daga gabas zuwa yamma, shi ne layin da ya raba duniya biyu, wanda ya ratsa Gabon, Kwango, Yuganda, Kenya da Somaliya. Sai a haɗa tsakuwoyin da alli ana duba taswira. Ba sai zanen ya yi kyau ba. Abin da ake so shi ne yaro ya gane sama tana da faɗi, ƙasa ta tsuke, kuma akwai lungu a yamma inda Najeriya take.

Bayan haka sai a zana Bahar Maliya da yankin Larabawa a gefe, a sa yaron ya tsaya a Makka. A nan ne za ka ga idonsa ya buɗe. Tafiyar Makka zuwa Madina, wadda yake ƙorafin ta yi nisa, kilomita 450 ce ko kusa da haka, ba ta kai rabin tayil ba. Daga Jidda zuwa Bur Sudan, a gaɓar Sudan, kusan kilomita 300 ne, wato Afirka ta fi Madina kusa da shi. A mashigin Babul Mandab kuwa, tsakanin Yaman da Jibuti, ruwan da ya raba nahiyoyin biyu bai wuce kilomita 30 ba, a arewa ma haɗe suke sai da aka haƙa mashigin Suwais, aka buɗe shi a 1869.

Manyan yara a ba su lissafi. Faɗin Afirka murabba'in kilomita miliyan 30 ne da 'yan kai, na Saudiyya miliyan 2.15, su raba su gani: Saudiyya za ta shiga cikin Afirka wajen sau 14. Aljeriya ma, ƙasa ɗaya a cikin nahiyar, ta fi Saudiyya girma. Sai a kula da taswirar bango da ake sayarwa a kantin littattafai, yawancinsu suna kumbura ƙasashen da ke kusa da ƙurewar arewa, har tsibirin Girinland ya yi kamar zai yi kai ɗaya da Afirka, alhali girmansa kusan na Saudiyya ne. Idan akwai ƙwallon taswirar duniya a gida, shi ya fi faɗin gaskiya.

Mataki na biyu: hanyar alhazai

Nan ne zuciyar aikin, kuma ba laifi a shafe wata biyu a kansa.

A ɗaure bakin igiya da dutse a Kano, ko Sakkwato, ko Damagaram, duk inda asalin gidan yake. A ja ta gabas, ana ƙulla ƙulli a kowane zango, ana rubuta sunansa a guntun kwali. Hanyar da akasarin mutanen ƙasar Hausa da Barno suka bi ita ce Maiduguri, Dikwa, Gamborun Ngala, a ɗan taɓa arewacin Kamaru a Kusiri, a tsallaka kogi a shiga Injamena, wadda tsofaffi suka sani da Fort Lamy. Daga nan Ati, Abashe, Adire a bakin iyaka, sai Al-Jinaina a Darfur, Al-Fashir ko Niyala, An-Nahud, Al-Ubayyid, har a iso Kogin Nilu. Wasu su bi ta Kartum, wasu ta Sinnar da Gadarif da Kasala, a ƙarshe kowa ya gangara Sawakin ko Bur Sudan ya jira jirgin ruwa. A miƙe, Kano zuwa Jidda ta haura kilomita 3,000, jirgin sama yana cinye ta cikin 'yan awoyi. A ƙasa kuwa, da ƙafa da jaki da takarkari, daga baya da babbar mota, mutane sukan shekara biyu, biyar, har goma, saboda a hanya ake neman guzurin gaba. A yi noma a wannan gari, a yi ɗinki ko wanzanci ko ga-ruwa a wancan. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, alhazai da yawa sun tsaya tsinkar auduga, wasu suka zauna ke nan, jikokinsu na can har yau.

Kowane zango darasi ne, amma kada a cika shi. Abu ɗaya na ƙasa, abu ɗaya na mutane. A Maiduguri: Tafkin Chadi, wanda ƙasashe huɗu suka kewaye, Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma ya janye ƙwarai daga shekarun 1960 zuwa yau, mutanen kuwa Barebari, masu daular da ta daɗe fiye da yawancin daulolin duniya. A Injamena: haɗuwar kogunan Shari da Logon, da Larabcin Chadi wanda yaranmu za su ji rabinsa su yi dariya. A Darfur: Dutsen Marra mai ruwa da lambuna a tsakiyar ƙasa busasshiya. A Kartum: inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka gamu. Kusa da Sinnar kuma a ƙulla ƙulli na musamman, a rubuta Mai Wurno, za a dawo kansa a darasin tarihi.

Idan da tsoho ko tsohuwa a gidan ko a maƙwabta wanda ya biyo hanyar, ko ya ji daga bakin iyayensa, to shi ne malamin wannan mataki, kai ɗan rakiya ne. Sai dai kada a tura yaro da tambayar "ba mu labarin da", tsohuwa za ta ce ta manta. A shirya masa ƙananan tambayoyi: "Hajiya, me kuke ci a hanya? Wa ya goya ki? A wane gari aka haifi Kawu? Da kuka ga teku, me kuka ce?" Ita kuma ta tsokane shi, "Kai maigida, yau kuma ɗan jarida ka zama?", daga nan zance ya ɓalle. A nemi izininta a naɗi muryar a waya, a aika wa 'yan uwa su ma su ajiye. Idan ta ambaci garin da ba ya kan igiya, a nemo shi a taswira a ƙara ƙulli. Hanyar gidanku ta fi wadda na jero a sama inganci.

Wanda iyayensa da jirgin sama suka zo, shi ma ya ja igiyar, don ta saman waɗannan ƙasashe jirgin ya bi. Kuma a gaya wa manyan yara gaskiya cewa tun Afrilun 2023 ake yaƙi a Sudan, garuruwa irin su Al-Jinaina da Al-Fashir sun sha wuya matuƙa. Su sa mutanen wurin a addu'a, su san akwai Hausawa 'yan uwansu a cikin ƙasar.

Mataki na uku: ruwa

Yaron Hijaz bai san damina ba. Ya san ruwa ya sauko kwana ɗaya, tituna su cika, a rufe makaranta. Bai taɓa ganin kogi mai gudu shekara da shekaru ba, don babu shi a ƙasar nan. Saboda haka duk abin da za a gaya masa na noma da kiwo da abinci ba zai zauna ba sai ya fahimci ruwa.

A koma kan zanen alli, a raba shi ratsi-ratsi daga sama zuwa ƙasa kamar tabarmar kaba mai launi. Bakin Bahar Rum akwai ruwan hunturu da zaitun da alkama. Ƙasa da shi Sahara, murabba'in kilomita miliyan 9, ta ninka hamadar Rub'ul Khali ta Saudiyya fiye da sau goma. Sai yankin Sahel mai ƙaya da gero da raƙuma, sai ƙasar ciyawa da kuka da ɗorawa inda ake dawa da gyaɗa, sai kurmi mai doya da kwakwar manja da goro. An wuce tsakiya, ratsin ya sake maimaituwa a juye har hamadar Kalahari da Namib. A barbaɗa yashi a kan Sahara, gero a Sahel, ganye a kurmi, yara su yi da hannunsu.

Dalilin ratsin ba shi da wuyar bayani. Iska mai laima tana tasowa daga Tekun Atlantika, tana hawa arewa a hankali, ta iso ƙasar Hausa wajen watan Mayu ko Yuni, ta ja da baya a Oktoba. Wanda ke kusa da teku ya sha ruwa da yawa, wanda ke nesa ya samu saura. Idan ta janye sai busasshiyar iskar Sahara ta maye gurbinta da hazo da sanyi, shi ne hunturu. Legas takan haura milimita 1,500 a shekara, Kano tsakanin 700 da 1,000, Jidda kuwa da wuya ta kai 100. A koya musu sunayen lokutan da Hausa: bazara, damina, kaka, hunturu. A jiƙa gero ko wake a gwangwani a ajiye a taga, kowane yaro da nasa. A watan Agusta kuma a kira 'yan uwa na gida ta bidiyo, a roƙi Baffa ya shiga gona da wayar. Gani ya kori ji. A tuna agogon nan yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu, wannan ma tambaya ce mai kyau ga yaro: me ya sa muka yi Magariba su ko La'asar ba su daɗe da yi ba?

Koguna huɗu sun isa. A tara yashi a faranti, a yi tudu, a zuba ruwa da buta, su ga ruwa gangare yake bi ba kudu ko arewa ba, don da yawa yara sukan ɗauka kogi dole ƙasan taswira zai nufa. Nilu, mai tsawon kilomita 6,650, arewa ya nufa. Reshe ɗaya daga Tafkin Biktoriya, ɗaya daga Tafkin Tana a Habasha. Kwara, kilomita 4,180, ya taso daga tsaunukan Gini, ba nisa da teku, amma ya juya mata baya ya shiga Mali har kusa da Tumbuktu, ya karyo ta Yamai, ya shigo Najeriya ta Kebbi, ya gamu da Binuwai a Lakwaja. Sai Kwango, wanda ya fi kowanne yawan ruwa, da Zambezi. Dutse ɗaya ya wadatar a yanzu: Kilimanjaro a Tanzaniya, mita 5,895, kusan ninki biyu na tsaunukan Abha, da ƙanƙara a kansa duk da yana kusa da tsakiyar duniya.

Mataki na huɗu: tarihi a kan igiyar shanya

Yaranmu suna da wata gata da na wasu wurare ba su da ita: sun san sira, kuma sira cike take da Afirka, sai dai ba wanda ya nuna musu a taswira. Nana Hajara, wadda suke tunawa da ita duk lokacin da suka yi Safa da Marwa, daga Masar ta fito. Annabi Yusufu da Annabi Musa, alaihimas salam, a Masar labarinsu ya gudana. Hijirar farko, kafin ta Madina, zuwa Habasha aka yi ta, inda Najashi ya ba sahabbai mafaka, ya kuma ƙi mayar da su ga Ƙuraishawa bayan Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta masa Suratu Maryam. Bilal da Ummu Aiman jininsu na can ne. A sa yaro ya taka daga Makka ya tsallaka Bahar Maliya a kan zanen, ya tsaya inda sahabbai suka sauka.

Sai a ɗaura igiya ta biyu a jikin bango, a ce ɗani ɗaya na hannun Baba shekara ɗari ne. Daga Hijira zuwa yau ɗani 14. Kowane mako a rataya kwali ɗaya ko biyu da abin maƙale shanya, a rubuta shekarar Miladiyya, inda aka sani a ƙara ta Hijira, tunda da ita yaran suka saba. Uƙba ɗan Nafi'u ya kafa Ƙairawan a 670. Faɗima al-Fihriyya ta gina masallacin Ƙarawiyyin a Fas a 859, ya zama cibiyar ilimi har yau. Azhar ta biyo baya a ƙarni na 10. Mansa Musa na Mali ya yi Hajji a 1324, wato 724 bayan Hijira, ya rabar da zinariya a Alƙahira har darajarta ta faɗi. Askiya Muhammadu na Songhai ya yi nasa a ƙarshen ƙarni na 15, zamanin da Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano, daga 1463 zuwa 1499, kuma Shehu Magili ya sauka a birnin. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ya rasu a 1817. 'Yarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka suna karantar da mata. Wannan kwalin a bar wa 'ya mace ta rataya. A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a, aka kashe shi a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran har bakin Shuɗin Nilu. Nan igiyar tarihi ta haɗu da ta hanya, a koma a taɓa ƙullin da aka yi.

Kada a bar yaro ya zaci tarihin nahiyar da zuwan Musulunci ya fara. Dalar Giza ta kai shekara 4,500, ɗani 45, igiyar sai ta fita ƙofa ta shiga zaure, kuma yara suna son ganin hakan. Sarakunan Kush na Sudan sun taɓa mulkar Masar ɗungurungum, dalar da ke Sudan ma ta fi ta Masar yawa, ko da yake ƙanana ne. Akwai Aksum a Habasha, akwai mutanen Nok a tsakiyar Najeriya masu gumakan yumɓu da narka ƙarfe, akwai ganuwar dutse ta tsohuwar Zimbabuwe da aka gina ba laka ba siminti. Labarin Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu a Daura kuwa, a ba da shi da daɗinsa da dare, su haddace Hausa Bakwai, amma a gaya wa manya cewa labarin kaka da kakanni ne, ba a rataya shi da shekara.

Mataki na biyar: abin da ba ya da daɗin faɗa

Wannan na 'yan shekara goma zuwa sama ne, kuma gara su ji daga bakin iyaye kafin su ji a titi.

An sayar da mutanen Afirka bayi. Ta Tekun Atlantika an ɗebi fiye da miliyan 12 zuwa nahiyar Amurka. An kuma bi da wasu ta Sahara da Bahar Maliya tsawon ƙarnoni, kuma a cikin masu kamawa da sayarwa akwai sarakuna da fataken nahiyar, har da namu. A nan Saudiyya a 1962 aka haramta bauta. Wanda ya ɓoye wa ɗansa rabin wannan labari, ranar da ya gano ba zai ƙara yarda da sauran rabin ba.

Sai mulkin mallaka. Turawa sun zauna a Balin daga 1884 zuwa 1885 suka tsara ƙa'idar rabon nahiyar, ba ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. A nuna wa yaro Katsina da Maraɗi a taswira: harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma yarjejeniyar Ingila da Faransa ta ratsa tsakaninsu, shi ya sa ɗan Gwaggo na Maraɗi yake boko da Faransanci, na Katsina da Ingilishi. A ƙara da waɗanda suka tsaya: Habasha ta karya sojan Italiya a Adwa a 1896. Sudan ta sami 'yanci a 1956, Gana a 1957, ƙasashe 17 a 1960 kaɗai, ciki har da Nijar ranar 3 ga Agusta da Najeriya ranar 1 ga Oktoba. Mandela ya zama shugaban Afirka ta Kudu a 1994 bayan shekara 27 a kurkuku.

Wata rana yaro zai dawo gida ransa a ɓace, wani ya goranta masa launin fata ko ya kira shi Takaruni da sigar raini. Rarrashi kaɗai ba ya isa. A nuna masa Takrur, inda sunan ya samo asali, a kan zanen, masarauta ce a bakin Kogin Senegal wadda sarkinta ya karɓi Musulunci tun ƙarni na 11. A karanta masa aya ta 13 ta Suratul Hujurati da ma'anarta. A tuna masa Shehu Umar Fallata da ya shekara da shekaru yana karantarwa a Masallacin Annabi, da Usama Hausawi, haifaffen Makka, da ya riƙe kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙasar a gasar duniya ta 2018. Kuma a kiyaye harshe a gida: uban da ke zagin wata ƙabila a gaban 'ya'yansa ya rushe darasin da hannunsa.

Mataki na shida: kasuwa da Harami

Al'ada ba a koyar da ita da allo. A shiga kicin da baƙala, wato kantin unguwa. Zoɓon da ake kira karkade a nan, da ƙaro, da riɗi, yawanci daga Sudan suke shigowa. Gahawa asalinta Habasha. Cakulan ɗin da suke rigima a kai, koko ne, kuma Kodebuwa da Gana ne kan gaba a duniya wajen nomansa. Tsiren da mutanen Makka ke layi suna saya da sunan siriya, kakannin yaran ne suka zo da shi. Gab da layya a je da su kasuwar dabbobi, su ji ana cewa wannan rago Sawakini ne, wancan Barbari, sai a dawo gida a nemo Sawakin da Barbara ta gaɓar Somaliya a kan zane. Sau ɗaya a wata a dafa abincin wani yanki, kuskus na Maroko, ko kisra ta Sudan, ko dafa-dukar Senegal, a kwatanta da tuwo da miyar kuka. Wanda ya ci sai ya nuna ƙasar kafin ya wanke hannu.

Babbar makaranta kuwa tana ƙofar gida. Ba wani gari a duniya da Afirka take taruwa a cikinsa kamar Makka da Madina. A Ramadan da lokacin Umara, bayan an idar da salla an fito harabar waje, yaro ya duba tutocin da ke jikin jakunkunan baƙi, ya rubuta waɗanda ya gane a ɗan littafinsa. Idan an ga fuska, ya yi sallama da ladabi: "Baba Alhaji, daga wace ƙasa? Yaya ake sannu da harshenku?" Sharuɗɗa uku ne: ba a katse mai ibada, ba a ɗaukar hoton kowa, ba a karɓar kuɗi. Hannunsa kuma na cikin na babba. Mutanen Jidda su tuna a kwanakin Hajji ba a shiga Makka sai da takardar izini, a bari sai an buɗe. A haka zai ji Sawahili da Wolof da Amhariyanci da Bambara da kunnensa, ya yarda cewa harsunan nahiyar sun kai wajen 2,000, mutanenta sun haura biliyan 1.4, kuma a cikinsu akwai Kirista masu yawan gaske da masu addinin gargajiya, kada ganin alhazai kaɗai ya sa ya zaci kowa Musulmi ne.

Game da waya: Google Earth yana da amfani, a sauka da shi kan Dutsen Dala, marinar Ƙofar Mata, hasumiyar Agadas. Amma bidiyon da za su ci karo da shi yawanci ko zaki na bin barewa ko yaro mai yunwa. A nemo musu titunan Nairobi, Abuja, Kigali da Kasabalanka su gani su ma.

Mataki na bakwai: cike sauran nahiyar da gwaji

Yanzu ne lokacin ƙasashe, yanki-yanki: arewa, yamma, tsakiya, gabas, kudu, da tsibirai irin su Madagaska. Ƙasa biyu ko uku a mako, kowacce a danganta ta da abin da aka riga aka sani, kogi ko ratsin ruwa ko abinci ko alhajin da aka gaisa da shi. A sanar da su Tarayyar Afirka tana da hedikwata a Adis Ababa, kuma Sudan ta Kudu ce autar ƙasashe, 2011 aka haife ta.

Wasan da ya fi kama hankalin yaran Makka shi ne na alƙibla. A ajiye akwatin ashana a matsayin Ka'aba, a kira sunan gari, yaro ya ruga ya tsaya a wurin ya fuskanci alƙibla. Na Kano zai dubi gabas ya ɗan karkata arewa. Na Alƙahira kudu maso gabas. Na Nairobi kusan arewa sak. Sai su gane "gabas" da Hajiya ke cewa ta tsohon gida ce, ba kowa ne ke salla yana duban fitowar rana ba.

A yi darasin da Hausa ko da yaran da Larabci suke amsawa. A karɓi amsar, a maimaita ta da Hausa, a wuce, ba tsawa. Ba a buƙatar jarrabawar takarda. Duk bayan wata uku a wanke zanen tas, a miƙa wa babban yaro alli da igiya, ya sake zana nahiyar daga ka, ya ja hanya daga garin kakansa zuwa Jidda, ya koya wa ƙannensa, iyaye na gefe ba sa sa baki. Zangon da ya tsallake ko kogin da ya juya, shi za a maimaita mako mai zuwa.